Ɗalibaina sun iya hadda, amma suna kasa aiki da abin da suka haddace

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare. Ɗalibaina suna da ƙoƙari wajen hadda, duk abin da na rubuta a allo sai su maido mini shi a jarrabawa ba ragi ba ƙari. Amma da zarar na juya tambayar, ko na ce su faɗi dalili, sai aji ya yi tsit. An ce mu riƙa sa ayyukan da ke buƙatar zurfin tunani a cikin shirin darasi, sai dai ba wanda ya nuna mana yadda ake yi. Ga aji ya cika maƙil, ga manhaja mai yawa da dole a gama kafin ƙarshen zango. Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, Malama. Idan na fahimce ki, tambaya biyu kika dunƙule wuri ɗaya. Me ya sa yaran da suka riƙe darasi suke kasa aiki da shi idan an canja masa kama? Sannan me malama ɗaya za ta iya yi a kai, da aji cike, ga manhaja tana bin ta da gudu? Abin da zan dage a kai shi ne, zurfin tunani ba wani darasi ne na daban da za ki nemo wa gurbi a jadawali ba. Abu ne da ɗalibi ke yi da ilimin da ya riga ya riƙe, a lokacin da aikin da ke gabansa ya tilasta masa ya ɗauki matsaya kuma ya kare ta da hujja. Saboda haka haddar yaranki jari ce a hannunki. Abin da zai canja shi ne irin aikin da kike ɗora musu bayan haddar.

Yawancin abin da ake faɗa wa malamai a kan wannan batu ya samo asali ne daga aikin da Benjamin Bloom na Jami'ar Shikago da abokansa suka fitar a 1956. Masu shirya jarrabawa ne a jami'o'in Amurka, suna neman hanyar da za su rarraba tambayoyi gida-gida don su riƙa musayarsu a tsakaninsu. Suka fito da matakai shida: sani, fahimta, aiki da abin da aka sani, nazari, harhaɗa abubuwa su zama sabon abu, da yanke hukunci a kan ingancin abu. A 2001 Lorin Anderson, tsohon ɗalibin Bloom, da David Krathwohl, wanda da shi aka yi aikin farko, suka jagoranci yi wa tsarin kwaskwarima, ƙirƙira, wato harhaɗa abubuwa su zama sabon abu, ta hau sama, tantancewa, wato yanke hukunci a kan inganci, ta koma ƙarƙashinta. Ukun da ke sama, wato nazari da tantancewa da ƙirƙira, su ake nufi idan an ce zurfin tunani.

Tsarin yana da amfani wajen duba takardar jarrabawa a ga inda ta fi karkata. Inda yake cutarwa shi ne idan an mayar da shi jerin kalmomi. A tarurrukan horar da malamai ana yawan raba takarda: idan kana son nazari ka ce "kwatanta", idan kana son tantancewa ka ce "yi sharhi". Sai malami ya canja kalmar farko ta tambayarsa ya ɗauka ya gama. To, idan kin ce su kwatanta jijiyoyin da ke fitar da jini daga zuciya da waɗanda ke mayar da shi, alhali jiya kin zana musu wannan kwatancen a allo sun kwafa, hadda kika auna. Ma'aunin gaskiya guda ne: shin yaron ya taɓa ganin amsar, ko kuwa sai ya gina ta da kansa daga abin da ya sani?

Me ya sa aji ke yin tsit

Ruwa ba ya tsami banza. Dalili na farko shi ne yara suna koyon wata yarjejeniya da ba a rubuta ba tun daga firamare: kowace tambaya tana da amsa ɗaya, amsar tana kan malami, kuma ana samo ta ne daga abin da aka faɗa yanzu-yanzu. Wajen 1980 wasu masu bincike a Grenoble ta Faransa suka ba yaran firamare wannan tambaya: a cikin jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin jirgin nawa? Fiye da kashi uku cikin huɗu na yaran suka ba da amsa da lamba, da yawansu suka tara 26 da 10 suka ce 36. A Amurka kuma, a wata jarrabawar ƙasa ta farkon shekarun 1980, an tambayi 'yan shekara 13: sojoji 1,128 za a ɗauka, kowace bas tana ɗaukar 36, bas nawa ake buƙata? Kusan kashi 70 cikin ɗari sun yi rabawar daidai, amma kashi 23 kaɗai suka ce 32. Kashi 29 suka rubuta "31, saura 12". Waɗannan yaran ba wawaye ba ne. Da a bakin titi aka tambaye su, sun san ba za a bar mutum goma sha biyu a tsaye ba. Makaranta ce ta koya musu cewa idan an shigo aji, a ajiye hankali a ƙofa a ɗauki dabara.

Dalili na biyu lokaci ne. Mary Budd Rowe, wadda ta yi nazarin azuzuwan kimiyya a Amurka, ta nuna a farkon shekarun 1970 cewa malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya ne kawai bayan sun yi tambaya, kafin su maimaita ta, ko su kira wani, ko su amsa da kansu. Da aka horar da su su riƙa jiran daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara suka yi tsawo, "ban sani ba" ya ragu, yaran da ba sa magana suka fara magana, kuma suka fara kawo hujja suna yin tambayoyi nasu. Ta kuma gano jira na biyu, wanda malamai suka fi mantawa: bayan yaro ya ba da amsa. Idan kin yi shiru kaɗan a nan maimakon ki ce "madalla" ki wuce, sau da yawa shi da kansa zai ƙara da "saboda...". A daƙiƙa ɗaya abin da ke kan harshe kawai ake iya fitarwa, wato hadda.

Sai tsoro. Yaron da aka taɓa yi wa dariya don ya kuskure ya riga ya yi lissafinsa: shiru ya fi masa araha. Akwai kuma harshe. Idan da harshen da ba na gida ba ake koyarwa, yaro zai iya kasancewa da tunanin a kansa ya rasa kalmomin fito da shi, sai ya fake da jimlar da ya haddace domin ita ce ya tabbata ba kuskuren nahawu a cikinta. Ni ina barin ɗalibai su tattauna da abokin zamansu da duk harshen da ya fi musu sauƙi, sannan su rubuta da harshen makaranta.

Dalilin da aka fi rainawa kuwa shi ne ƙarancin ilimin kansa. A 1988 Donna Recht da Lauren Leslie suka ba ɗaliban ƙaramar sakandare wani rubutu a kan wasan besbol, wanda Amurkawa ke yi da ƙwallo da sanda. Yaran da ba su ƙware a karatu ba amma sun san wasan sun fi ƙwararrun masu karatu da ba su san shi ba fahimtar rubutun. Dalilin yana cikin yadda ƙwaƙwalwa take aiki: abin da mutum zai iya riƙewa yana jujjuyawa a lokaci guda kaɗan ne, masana irin su Nelson Cowan sun ƙiyasta kamar abu huɗu. Wanda ya riƙe ilimin fanni sosai yana dunƙule abubuwa da yawa su zama ɗaya, sai wuri ya samu na tunani. Magini ba ya gini ba tubali. Shi ya sa ba na tare da masu cewa a daina hadda tun da komai yana intanet. Sai dai ki bincika me yaranki suka haddace: jimlar ce, ko ma'anarta? Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ki ce su faɗa da kalmominsu, ko su kawo misalin da ba ke kika ba su ba.

Aikin da ke tilasta tunani

Bari in ba ki misalin da nake so ƙwarai, tun da kimiyya kike koyarwa. A ƙarni na 17 wani masani daga Brasels, Jan Baptist van Helmont, ya dasa ƙaramar bishiya mai nauyin kilo biyu da ɗoriya a cikin tukunya mai ɗauke da busasshiyar ƙasa kusan kilo 91. Ya shekara biyar ba ya ba ta komai sai ruwa. Da ya sake aunawa, bishiyar ta kai kusan kilo 77, ƙasar kuwa ba ta ragu da fiye da giram 60 ba. Sai ya yanke cewa daga ruwa kaɗai bishiyar ta samu nauyinta. An buga wannan a 1648, bayan rasuwarsa.

Bayan kin koyar da yadda tsiro ke haɗa abincinsa da hasken rana, ki rubuta wannan labarin a allo, ki tambaye su: me gwajin nan ya tabbatar, me kuma bai tabbatar ba? Amsar ba ta cikin littafinsu, amma duk abin da suke buƙata yana ciki. Wasu za su ce gaskiya ya faɗa. Wasu za su ce ƙarya ne, daga ƙasa bishiya take ci, sai ki nuna musu giram 60 ɗin su yi fama da shi. A hankali wani zai tuna da iskar kabon da ganye ke ɗauka daga sarari, ya gane cewa mutumin ya auna ƙasa, ya san da ruwa, amma bai lissafa iska ba. Daga nan sai tambaya ta gaba: da kai ne, yaya za ka gyara gwajin? A cikin minti goma sha biyar sun yi nazari, sun tantance hujja, sun fara ƙirƙira, kuma ba ki fita daga manhaja ba ko taku ɗaya. Sun kuma ga abin da ba kasafai littafin makaranta ke nunawa ba, cewa mutum zai iya yin awo daidai ya yanke hukuncin da awon bai kai ba.

Wata hanyar ita ce a sa su yi hasashe kafin su gani. Richard White da Richard Gunstone na Ostireliya suka yaɗa ta a 1992: a yi hasashe, a duba, a yi bayani. Ki kawo ƙanƙara guda biyu masu girma ɗaya, ki naɗe ɗaya a bargo, ki bar ɗaya a fili. Kafin komai, kowa ya rubuta wadda za ta riga narkewa da dalilinsa. Da yawa za su ce ta cikin bargo, don a ganinsu bargo zafi yake bayarwa. Idan aka buɗe aka tarar ita ce ta fi daɗewa, gani ya kori ji, kuma yanzu su ne ke neman bayani: bargo ba ya samar da zafi, hana shi wucewa yake yi, ko daga ciki zuwa waje ko daga waje zuwa ciki. Rubuta hasashen shi ne ginshiƙin aikin. Wanda bai ɗauki matsaya ba, in ya ga sakamako sai ya ce dama haka ya zata.

Akwai ƙananan dabaru da ba sa cin lokaci. Ki rubuta amsa mai kuskure a allo, ta wani ɗalibi na ƙirƙira, su nemo inda ta karkace da abin da mai amsar yake tunani har ya kuskure. Ki ba su amsa biyu duka daidai su faɗi wadda ta fi da dalili. Ki canja sharaɗi ɗaya: da babu kaza, me zai faru? Tambayar da na fi yawan yi a aji kuwa gajera ce: "Ta yaya ka sani?" Amma ki riƙa yin ta ga amsar daidai kamar yadda kike yi ga ta kuskure. In ba haka ba, yara za su gane cewa duk wanda aka yi wa ita ya faɗi, su riƙa janye amsarsu tun ba ki rufe baki ba.

Babban aji

Cikar aji tana hana ki sauraron kowa, amma ba ta hana kowa tunani. Matsalar ɗaga hannu ita ce yara biyar ko shida ne ke yi wa aji duka tunani, sauran suna jira. Frank Lyman na Jami'ar Maryland ya fito da wani tsari a 1981: kowa ya yi tunani shi kaɗai, sannan ya tattauna da na kusa da shi, sannan a faɗa wa aji. Ni nakan ce a rubuta a matakin farko, ko da layi biyu ne, sannan in zaɓi mai magana da kaina ba tare da ɗaga hannu ba. Yaro mai kunya ya fi iya cewa "mun ce" a kan "na ce", domin ba shi kaɗai zai ɗauki nauyin kuskuren ba.

Eric Mazur, malamin fiziks a Jami'ar Harvard, ya lura a farkon shekarun 1990 cewa ɗalibansa suna warware lissafi mai wuya amma suna faɗuwa a tambayoyin fahimta masu kama da sauƙi. Ga shi ajinsa na mutane da yawa ne. Sai ya koma yin tambaya ɗaya mai zaɓi, kowa ya zaɓa shi kaɗai, sannan ya juya ya shawo kan maƙwabcinsa da ya zaɓi wani abu daban, sannan a sake zaɓe. Ba kya buƙatar na'ura: yatsu a kan ƙirji sun isa, ke kina gani, na baya ba ya ganin na gaba. Tsarin ya fi aiki idan aji ya rabu a zaɓen farko. In kusan kowa ya samu, ki wuce. In kusan kowa ya faɗi, ki sake koyarwa, don ba mai shawo kan wani. Wahalar tana wajen shirya zaɓuɓɓukan: kowace amsar kuskure ta zama kuskuren da yara ke yi da gaske.

Aikin rukuni na mutum takwas ko goma kuwa ban cika ba da shawararsa ba. A azuzuwan da na zauna a baya ina duba malamai masu neman horo, abin da na fi gani shi ne ɗaya yana rubutu, biyu suna kallonsa, sauran suna hirarsu. Bibbiyu ko uku-uku sun fi.

Kada a jefa su ruwa

Akwai masu ɗauka cewa zurfin tunani yana nufin malami ya ja baya yara su gano komai da kansu. Paul Kirschner da John Sweller da Richard Clark sun tattara hujjoji a 2006 cewa ga wanda yake sabo a fanni, koyarwa mai ƙarancin jagora ba ta kai bayani kai tsaye da misalan da aka warware amfani ba. Abin da ya dace shi ne wanda David Wood da Jerome Bruner da Gail Ross suka bayyana a 1976: a tallafi mai koyo a daidai inda ƙarfinsa ya tsaya, a riƙa janye tallafin yana ƙara ƙarfi. A aikace, ki yi tunaninki a bayyane a gabansu. Ki ɗauki tambayar da ba su taɓa gani ba, ki riƙa faɗin abin da ke zuwa miki: me na sani a nan, me ake nema, wannan hanyar ba ta ɓulle ba, bari in koma. Yawancin yara ba su taɓa ganin babba yana lalube ba, kullum amsa gamammiya suke gani, har suka ɗauka mai ilimi ba ya tsayawa tunani. Da farko ki ba su kan jimla su ƙarasa: "Ina ganin kaza, saboda kaza, abin da zai sa in canja ra'ayi shi ne kaza." Bayan 'yan makonni ki daina rubuta shi.

Maki

Yara suna karanta takardar jarrabawa fiye da yadda suke sauraron huɗubar malami. In kin shafe zango kina tambayar dalili, sannan gwajinki ya zo duk cike gurbi, sun gane wanne ne na gaske. Ki sa ko da tambaya ɗaya a kowane gwaji a kan yanayin da ba ku taɓa yi a aji ba, ki kuma raba makinta yadda hujja za ta fi amsa tsoka. Ki nuna musu tun kafin gwajin yadda amsa mai ƙarfi take da yadda mai rauni take. A aikin aji na yau da kullum kuwa, binciken Ruth Butler na 1988 ya nuna cewa ɗaliban da aka ba sharhi kaɗai sun fi ci gaba a kan waɗanda aka ba maki, har ma da waɗanda aka haɗa wa maki da sharhi, domin ido yana sauka kan lamba ya manta da rubutun. Da aji irin naki ba za ki iya yi wa kowa sharhi ba. Ki duba littattafai goma sha biyar, ki fitar da kurakurai biyu da suka fi yawa, ki buɗe darasin gobe da su.

Iyakar abin

Ban ga ajinki ba, kuma jarrabawar ƙarshe da yawan manhaja ba a hannunki suke ba. Irin wannan koyarwa tana cin lokaci, wannan gaskiya ce da bai kamata a ɓoye miki ba. Ba kowane darasi ne zai ɗauke ta ba, kuma ba dole ba ne. A kowane babi akwai tunani ɗaya ko biyu da sauran suka rataya a kansu. A nan za ki zauna, sauran ki wuce da bayani da atisaye kamar yadda kika saba.

Kada kuma ki sa ran cewa wanda ya iya auna hujja a darasin tsirrai zai ɗauke wannan ya kai darasin lantarki da kansa. Mary Gick da Keith Holyoak sun gwada wannan a farkon shekarun 1980 da ɗaliban jami'a. Suka ba su matsalar likitan da ke son ƙona ƙari a cikin jiki da haske mai ƙarfi ba tare da ya lalata naman da ke kewaye ba. Kusan ɗaya cikin goma ne suka gano mafita, wato a aika raunanan haske daga ɓangarori da yawa su haɗu a kan ƙarin. Wasu an fara ba su labarin kwamandan da ya rarraba rundunarsa ta hanyoyi daban-daban suka haɗu a ganuwa lokaci guda. Ko da wannan labarin a kansu, kusan uku cikin goma ne suka ga alaƙar. Sai da aka ce musu labarin zai taimaka, sannan adadin ya kai kusan kashi uku cikin huɗu. Ke ce za ki riƙa nuna alaƙar a fili: wannan ya yi kama da me muka yi a baya, ta wace fuska?

Ki kuma shirya wa turjiya, musamman daga waɗanda suka fi cin maki. Su ne tsohon tsarin ya fi yi wa daɗi, su ne za su ce, "Malama, ki faɗa mana amsar kawai mu rubuta." Makonnin farko za su yi nauyi, shirun zai yi miki tsawo. Don ki san ko ana motsawa, ki karɓi amsoshin da suka rubuta a aikin farko irin na van Helmont ki adana. A ƙarshen zango ki ba su wani gwajin da ba su taɓa ji ba a wani babi daban, ki jera takardun biyu, ki duba yara nawa ne yanzu suke rubuta "saboda" kuma abin da ya biyo bayanta ya zama hujja ce ba maimaita tambayar ba.